Hoton Siti da Raunukan da Ido Ba Ya Gani Bayan Haɗarin Mota: Nazari Daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan irin hoton nan na asibiti wanda jama'a suke kira siti sikan, da kuma amfaninsa wajen binciken raunukan mutumin da ya yi haɗarin mota. An ɗauki unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Ƙaramar Hukumar Tarauni a matsayin wurin misali domin a nan ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, a bakin Titin Zariya. An kafa wannan asibiti a shekarar 1988 don koyar da ɗaliban likita na Jami'ar Bayero. Ya fara aiki ne na wucin gadi a Asibitin Murtala da ke cikin birni, sa'an nan ya tare a mazauninsa na yanzu a 1996. A cikin wannan shekara ta 1988 ɗin ne kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa.

Titin da ya wuce ta ƙofar asibitin shi ne wanda ya bi ta Unguwa Uku da Na'ibawa, ya miƙe zuwa Kura da Kwanar Ɗangora har Zariya da Kaduna. Tireloli da tankokin mai da motocin haya masu dogon zango da ƙananan motoci da babura masu ƙafa uku, watau Adaidaita Sahu, duk a kansa suke haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗuran hanya a duniya a shekarar 2021, cewa Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kuma cewa haɗarin hanya ne ya fi kowane abu kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Abin da muke so mu nuna shi ne, raunin da ya fi kisa bayan haɗari sau da yawa ba shi ne wanda 'yan kallo suke gani suna salati ba. Yakan kasance jini ne da yake tsiyaya a cikin ƙoƙon kai ko a cikin ciki, alhali mai shi ya tashi da ƙafarsa yana kakkaɓe riga. Siti ne yake nuna irin wannan jini, amma amfaninsa ya rataya a kan a yi wa wanda ya dace, a lokacin da ya dace, kuma a sami likitan da zai yi aiki da abin da hoton ya nuna.

2.0 Suna da Yadda Na'urar Take Aiki

Kalmar siti sikan aro ce daga Turanci, kuma ta riga ta zauna a bakin majinyata da ma'aikata. Sai dai tana rikitar da mutane da wani hoton dabam da ake kira sikanin, wanda ake yi wa mata masu ciki. Sikanin da sauti yake aiki, siti kuwa da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Da za a nemi sunan Hausa, a ganinmu hoton gunduwa-gunduwa zai dace, saboda dalilin da zai zo nan gaba kaɗan. A wannan takarda za mu riƙa cewa siti kurum.

Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken eksire a 1895. Hoton eksire inuwa ce: haske yana ratsa jiki ya faɗa a kan faranti, ƙashi ya tare shi da yawa ya fito fari, tsoka ta tare kaɗan ta fito toka-toka. Illar inuwa ita ce tana tara na gaba da na baya wuri ɗaya. Idan an ɗauki hoton kai, ƙoƙon kai yakan rufe duk abin da ke ciki, ta yadda za a iya ganin tsagewar ƙashi amma ba za a ga ƙwaƙwalwa ko jinin da ya taru a kanta ba.

Siti ya warware wannan matsala ta hanyar zagayawa. Majinyaci yana kwanciya a kan gado mai shiga cikin wata babbar kewayayyiyar ƙofa. A cikin bangon ƙofar akwai fitilar eksire a gefe ɗaya, da ma'aunan haske a gefen da yake fuskantarta, su biyun suna zagaya jiki tare. Daga kowace kusurwa ana auna yawan hasken da ya ratsa. Kwamfuta ce take haɗa waɗannan dubban awo ta lissafo kaurin kowane ɗigo na cikin jiki, ta zana shi. Abin da yake fitowa ya yi kama da abin da mai rake yake gani idan ya datsa sanda gunduwa-gunduwa ya dubi fuskar kowace gunduwa: ga ɓawo, ga tsoka, ga inda tsutsa ta ci, ba tare da wani ya rufe wani ba.

Kowane ɗigo yana da lamba a kan ma'aunin Hounsfield. Ruwa 0 ne, iska 1000 ƙasa da sifiri, kitse kimanin 100 ƙasa da sifiri. Ƙwaƙwalwa tana tsakanin 25 da 40, sabon gudan jini kuwa tsakanin 50 da 80, ƙashi mai ƙarfi ya kai 1000 ko fiye. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan ɗan bambanci da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da gudan jini, domin a kansa ne duk amfanin siti ga mai raunin kai ya tsaya. Shi ne yake sa jini ya fito fari tas a gefen ƙwaƙwalwa mai launin toka.

Lissafin da aikin ya dogara a kansa ya girmi na'urar, domin Johann Radon na ƙasar Ostiriya ya wallafa shi tun 1917. Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, ya sake fito da shi don amfanin likitanci a 1963 da 1964. Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, shi ya ƙera na'urar da ta ɗauki hoton majinyaciya ta farko ranar 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. Kai kaɗai take ɗauka, kuma zagaye guda yakan ci wajen minti biyar. Su biyun, Cormack da Hounsfield, sun sami kyautar Nobel a 1979. A Nijeriya an fara girka siti a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 1987. Daga 1989 aka fara samun na'urori masu zagaye ba tsayawa gado yana tafiya, daga 1998 kuma masu ɗaukar gunduwa da yawa a zagaye ɗaya, har ya zama na'urorin yanzu suna gama kai cikin 'yan daƙiƙoƙi.

3.0 Raunin Kai

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan ne siti ya fi ceton rai. Ƙoƙon kan baligi rufaffen akwati ne da ba ya buɗewa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na cikinsa ƙwaƙwalwa ce, sauran kuwa jini ne da ruwan da ƙwaƙwalwa take ciki, kusan rabi da rabi. Idan wani abu ya ƙaru a ciki, dole wani ya matsa. Da farko ruwa da jinin jijiyoyi ne suke ba da wuri, mutum kuwa yana nan garau. Idan wurin ya ƙare, sai ƙwaƙwalwa ta fara matsuwa zuwa gefe da ƙasa, ta danne tushenta inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya. Daga nan abu yakan lalace cikin mintoci.

Tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa akwai wani tantani mai kauri. Jini yana iya taruwa a bayansa, watau tsakaninsa da ƙashi, ko kuwa a ƙarƙashinsa, kuma halin waɗannan biyu ya bambanta ƙwarai.

Na farko yakan faru ne idan an bugu a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri kuma wata jijiyar jini mai bugu take bi ta cikinsa. Ƙashi ya tsage, jijiya ta yage, jini ya riƙa ɓamɓare tantanin daga ƙashi sannu a hankali. Wani sashe na masu irin wannan rauni sukan suma na ɗan lokaci, su farfaɗo, su yi magana daidai, har su tsaya ana sasanta wanda ya yi laifi a bakin titi. Bayan sa'a ɗaya ko biyu ko fiye sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya rinjaye su, baƙin ido ɗaya ya buɗe fiye da ɗaya. Mutanen gida su ce a bar shi ya huta, ya sha wuya. A hoton siti wannan jini yana fitowa fari, mai ciki ta fuska biyu kamar ƙwayar goro. Abin takaici game da shi shi ne, sau da yawa ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinsa lafiyarta ƙalau, kuma idan an buɗe ƙashi an kwashe jinin an ɗaure jijiyar kafin mutum ya shiga doguwar suma, yawanci yakan warke sarai ya koma sana'arsa. Mutuwar irin wannan majinyaci mutuwar jinkiri ce.

Na biyu, wanda yake ƙarƙashin tantani, daga ƙananan jijiyoyi yake zuwa, waɗanda suke tsinkewa idan ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙo. A hoto yana shimfiɗuwa kamar jinjirin wata a kan ɓarin ƙwaƙwalwa. Ya fi na farko muni domin yawanci ita kanta ƙwaƙwalwar ta ƙuje. Wani bincike da Seelig da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1981, a kan majinyata 82 da suke cikin doguwar suma, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata cikin sa'a huɗu kashi 30 cikin 100 ne suka mutu, waɗanda suka wuce sa'a huɗu kuwa kashi 90. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa ba lokaci kaɗai ne yake yanke hukunci ba, girman raunin ƙwaƙwalwar ma yana da nasa. Duk da haka, ga mu nan Kano wannan sa'a huɗu abin lissafi ce. Wanda ya yi haɗari a Kwanar Ɗangora, a nemo motar da za ta ɗauke shi, a tsaya a asibiti mafi kusa, a rubuto takardar turawa, a ratso cunkoson Na'ibawa da Unguwa Uku, kafin ya iso Gyaɗi-Gyaɗi yawancin sa'o'in nan sun tafi, ba a ma fara maganar hoto ba.

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ba ganin jini kaɗai yake nema a hoton ba, awo yake yi. Ƙa'idojin da ake bi tun 2006 sun ce a kwashe jinin bayan tantani idan ya wuce mililita 30, na ƙarƙashin tantani kuwa idan kaurinsa ya wuce milimita 10 ko kuwa ya ture tsakiyar ƙwaƙwalwa fiye da milimita 5. Hoton kuma shi yake faɗin gefen da za a buɗe. Kafin zuwan siti, likitoci sukan huda ƙoƙon kai wuri-wuri suna laluben jinin.

Akwai kuma abin da siti ba ya gani sosai. Idan kai ya fizgu da ƙarfi, ƙananan zaruruwan ƙwaƙwalwa sukan tsintsinke ko'ina, mutum ya kasance cikin doguwar suma alhali hotonsa kusan ba shi da aibu. Sai hoton maganaɗisu, wanda ake kira em-ar-ai, yake fito da wannan. Saboda haka idan an ce hoto bai nuna jini ba, ma'anarsa ita ce babu abin da wuƙa za ta cire a wannan lokaci.

4.0 Wa Ya Kamata a Yi wa Hoto?

Ba kowane wanda ya bugu a ka ne yake bukatar siti ba, kuma da za a yi wa kowa, da masu tsananin bukata sun mutu a layi. Matakin farko na tantancewa shi ne ma'aunin Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Mai 8 zuwa ƙasa rauninsa mai tsanani ne, mai 9 zuwa 12 matsakaici. Waɗannan duk babu gardama a kansu, hoto ya wajaba da zarar an tabbatar da numfashinsu da bugun jininsu.

Gardamar tana kan masu 13 zuwa 15, waɗanda su ne mafi yawa. A 2001 Ian Stiell da abokan aikinsa a Kanada suka nazarci majinyata 3,121 da suka suma ko suka rikice ko suka manta abin da ya faru, suka fitar da alamomin da suke nuna wanda yake cikin haɗari. Daga ciki akwai wanda bai dawo cikin hayyacinsa sosai ba bayan sa'a biyu, da wanda ake zaton ƙoƙon kansa ya lotsa ko ya fashe, da wanda ya yi amai sau biyu ko fiye, da mai shekara 65 zuwa sama. Akwai kuma alamun karayar gindin ƙoƙon kai, watau jini a bayan dodon kunne, ko ruwa garai-garai yana fita ta hanci ko kunne, ko baƙi ya kewaye idanu biyu, ko ya fito a bayan kunne. Suka ƙara da wanda ya manta abin da ya faru na minti 30 ko fiye kafin haɗarin, da wanda mota ta buge yana tafiya a ƙasa, da wanda abin hawa ya yi jifa da shi waje.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi na musamman a Kano. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013, Adaidaita Sahu ya zama abin hawan talaka a cikin gari, shi kuwa ba ƙofa ba bel, ko yaya ya kife sai ya zubar da na ciki. Haka nan masu hawa kan kaya a bayan manyan motoci ranar kasuwa. Masu baburan kansu kuma ba su cika sa hular kwano ba. A 2009, da aka tsananta dokar hular, har ƙwarya aka ga wasu sun kifa a ka a titunan Kano. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa sun cika sharaɗin hoto tun daga yadda haɗarin ya auku.

Sai dai a lura cewa an gina ƙa'idar Kanada ne a ƙasar da wanda aka sallama zai iya dawowa asibiti cikin ɗan lokaci idan jikinsa ya rikice. Mutumin da zai koma ƙauyen da babu mota da dare ba haka yake ba. A ra'ayinmu, idan akwai shakka kuma hoto bai samu ba, kwantar da shi a riƙa auna shi sa'a-sa'a ya fi sallamarsa, ko da gado ya yi ƙaranci.

5.0 Wuya, Ƙirji da Ciki

Siti ya fi eksire nesa wajen gano karayar ƙashin wuya, kuma duk wanda ya suma a haɗari ana ɗaukarsa a matsayin mai karayar wuya har sai hoto ya kore ta. Wannan ne ya sa ɗaukar da 'yan taimako suke yi, wani ya kama hannu wani ƙafa kai yana reto, take iya mai da karaya ta zama shanyewar jiki idan laka ta datse.

A ƙirji da ciki akan ɗura wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya domin jini ya yi haske a hoto. Da shi ake ganin fashewar saifa ko hanta ko ƙoda, da yagewar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. Saboda hoton yana nuna girman rauni, yanzu ana iya jinyar yawancin raunukan saifa da hanta ba tare da an buɗe ciki ba. Amma akwai doka guda da ba a karyawa: wanda jininsa yake zuba har bugunsa ya faɗi kuma bai tashi da ƙarin ruwa da jini ba, ba a kai shi ɗakin hoto. Ana ɗora masa na'urar sikanin a ciki nan inda yake kwance, idan an ga jini a wuce da shi ɗakin tiyata. Game da ɗaukar hoton jiki duka ga kowane mai mummunan rauni kuwa, wani babban gwaji da aka yi a Holan da Suwizalan, aka wallafa a 2016, bai sami raguwar mace-mace ba idan aka kwatanta da ɗaukar sassan da likita ya zaɓa. Wannan sakamako ya yi wa ƙasashe masu ƙarancin na'ura daɗi.

6.0 Tsada, Haske da Abin da Yake Biyo Baya

Na'urar siti tana da tsadar saye da ta gyara. Tana son wutar lantarki mai tsayawa daidai da ɗaki mai sanyi, fitilarta kuma tana ƙonewa a sake ta da kuɗin waje. Yawancin iyalai daga aljihu suke biya, kuma haɗari ba ya sallama. Sa'o'in da ake ɓatawa ana buga waya ga dangi ana harhaɗa kuɗi, daga cikin sa'o'in nan huɗu ake cire su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikaci ko asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Abin da muke gani ya dace shi ne a lissafta hoton kai na mai haɗari a cikin agajin gaggawa, a yi shi tukuna a nemi kuɗi daga baya, tun da likita ba zai buɗe kai ba sai da shi.

Wasu kuma tsoron hasken suke ji. Gaskiya ne yana da illa idan ya yi yawa, shi ya sa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, take sa ido a kan irin waɗannan na'urori. Hoton kai guda yana ba da kimanin milisibat 2, watau kusan abin da kowane mutum yake samu daga ƙasa da sararin sama a shekara ɗaya, wanda matsakaicinsa a duniya 2.4 ne. Hoton ciki yana kai 8 zuwa 10. Yara sun fi manya jin illarsa, don haka ake rage musu ƙarfin haske kuma ake da ƙa'idoji nasu dabam. Mace mai ciki da ta bugu a ka ana yi mata hoton kai, domin hasken da yake isa mahaifa daga nan kaɗan ne ƙwarai.

Hoto kuma shaidar lokacin da aka ɗauke shi ne kawai. Ƙujewar ƙwaƙwalwa takan faɗaɗa a kwana ɗaya ko biyu na farko, saboda haka idan makin majinyaci ya faɗi ana sake hoton ko da na farko bai nuna kome ba. Wanda aka sallama a gaya wa mai jinyarsa, da Hausa ba da takardar Turanci ba, cewa ya dawo da shi nan take idan ciwon kai ya ƙaru, ko ya yi ta amai, ko ya yi wuyar tashi daga barci, ko ya yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi. Wanda aka kai wa mai ɗori saboda karayar ƙafa, shi ma a tambaya ko kansa ya bugu, domin ɗori ba ya kai wa can.

Dattawa suna da nasu hali. Ƙwaƙwalwa takan ɗan tsuke da tsufa, jijiyoyin da ke ƙarƙashin tantani su miƙe su yi saurin tsinkewa, musamman ga mai shan maganin tsinka jini. Tsoho yana iya buguwa da ƙarfen Adaidaita ya manta da zancen, sai bayan mako uku ko shida ya fara rikicewa, yana jan ƙafa, yana mantuwa, magana tana sarƙewa. A gida a ce tsufa ne, ko shanyewar ɓarin jiki, ko iska, a shiga neman magani ta wannan fuska. A hoton siti irin wannan tsohon jini ya riga ya narke, ya bar fari ya koma toka ko baƙi-baƙi a gefen ƙwaƙwalwa. Aikinsa yana daga cikin mafi sauƙi a tiyatar kai: huda ɗaya ko biyu a ƙashi, a wanke, a sa ɗan bututu na kwana ɗaya ko biyu, kuma da yawa daga cikinsu sukan dawo hayyacinsu kafin a sallame su.